Mamaci Mai Magana: Aikin Harshe a Labaran Zombi na Matasa

A farkon shekarun 2010 wani nau'in ƙagaggen labari na matasa ya samu karɓuwa a Amurka, wanda ya haɗa abubuwa uku: matattu masu yawo, injinan zamanin tururi, da soyayya. Misalinsa shi ne Dearly, Departed na Lia Habel, wanda ya fito a 2011. Abin da ya shafi mai nazarin harshe a nan shi ne yadda marubuciyar ta sa mai karatu ya amince budurwa ta kamu da son mamaci. Da harshe ta yi wannan aiki.

Kalmar zombi daga Kiriyol na Haiti ta fito, inda take nufin mamacin da boka ya tayar ya mayar bawa. Ta bazu a Ingilishi lokacin da Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, musamman ta littafin William Seabrook na 1929. Fim ɗin George Romero na 1968 ya karkatar da ma'anarta zuwa gawa mai cin naman mutane, duk da cewa ba a furta kalmar a cikinsa ba. Na Haiti ba ya da ta cewa, na Romero kuwa sai gurnani. Soyayya kuma ba ta ginuwa sai da zance.

A nan ɓangare na biyu ke da amfani. K. W. Jeter ne ya ƙirƙiro kalmar steampunk a 1987 cikin wasiƙa ga mujallar Locus, yana kwaikwayon ƙirar cyberpunk: ya cire gaɓar farko ya sa kalmar da ke nufin tururi. Irin wannan adabi yana aro injina da tufafin zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, tare da ladabin maganar mutanen lokacin. Habel ta kai labarinta shekarar 2195, cikin al'ummar da ta koma ga waɗannan ɗabi'u, inda ake auna mutum da lafazinsa.

Don haka ta kasa matattunta biyu: waɗanda hankali da magana suka gushe musu, da waɗanda suka riƙe su. Bram Griswold, sojan da Nora Dearly ke so, yana kashi na biyu, har yakan ba da labarin da bakinsa, da wakilin suna "ni". Cutar da ta tayar da shi ana ce mata Laz, gutsuren sunan Li'azaru wanda Linjila ta ce Annabi Isa ya tayar. Da wannan suna lamarin ya tashi daga tsafi ya koma jinya, majinyaci kuwa abin tausayi ne. Ko sunan littafin wasa ne da kalma: jimlar da Turawa ke ambaton mamaci da ita a wurin jana'iza ce, sai waƙafi guda ya mayar da kalmar farko sunan dangin Nora.

Mai fassara zuwa Hausa zai tarar da matsalar cikin nahawu. Fatalwa ba ta da jiki, gawa ba ta tafiya. Sa'annan gawa jinsin mace take ɗauka ko da ta namiji ce. Da zarar Bram ya buɗe baki, tilas a zaɓa tsakanin "ta ce" da "ya ce". Wanda ya rubuta "ya ce" ya riga ya fitar da shi daga sahun gawawwaki ya maido shi cikin mutane.