Sankarar Kare: Gwajin Jini ko Idon Mai Shi?

Kare ma yana kamuwa da sankara, kuma ba a cika farga ba sai ta ci jiki. Shi ya sa masana a Amurka da Turai suka koma farautarta cikin jini. Ƙwayoyin sankara in sun mutu sukan zubar da ɓurɓushin sinadarin gado a jini, shi ake tacewa a bincika.

A 2021 kamfanin PetDx na Amurka ya fito da gwajin OncoK9. Binciken da aka wallafa a 2022 kan karnuka sama da 1,000 ya nuna yana gano kusan kashi 55 cikin ɗari na masu ciwon. A miyagun nau'o'i uku, wato ta kaluluwa, ta ƙashi, da ta jijiyoyin jini mai yawan kama saifa, ya kai kashi 85. Duk da haka, a jimlace kusan rabi suna zillewa. Ko ya nuna alama, sai an ɗauki hoto an yanki tsoka kafin likita ya yanke hukunci. Kamfanin ma ya rufe a 2024.

To, ina mafarauci a ƙauyukan Dapaong ko mai karen gadi a Sokode, a ƙasar Togo, ina tura jinin kare ƙetare? Sankarar da ya kamata ya sani wata ce daban, wadda ake yawan gani a karnuka masu yawo sakaka: tana yaɗuwa ta barbara. Ƙwayar ciwon ce da kanta ke tsallakawa daga kare zuwa karya. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa tushenta kare ɗaya ne tak, da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ikon Allah!

Alamarta ɗigar jini daga al'aura, da jan tsiro mai saurin fashewa. Ba ta buƙatar gwaji mai tsada. Likita zai shafo tsiron a gilashi ya duba a madubin likita. Allurar vincristine sau ɗaya a mako, galibi makonni 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu. Sankarar nan ba ta kama mutum.

Da yawanmu a zango ba ma taɓa kare, amma wanda ya ajiye shi ya ɗauki haƙƙinsa. In ka ga jinin nan, ko kumburin da ya ƙi sacewa, ko rama ba dalili, ka ɗaure shi kada ya shiga cikin 'yan'uwansa, ka nemi likitan dabbobi. In an je, a haɗa masa da rigakafin haukan kare, don wannan cutar kam tana kashe mutum.