Wankin Hoto a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Akwai waɗansu daga cikinmu, 'yan makaranta da malamai, waɗanda su ke da sha'awar ɗaukar hoto da kyamara irin ta dā, wadda a ke sa wa fim. Ɗaukar hoton ba shi da wuya. Wuyar tana wajen wanki, balle ga wanda aiki ya kai shi Tambuwal ko Kebbe, can kudancin ƙasar Sakkwato. Sabo da haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda mutum zai sami wanki mai sauƙin kuɗi, wanda kuma ba zai ɓata masa aiki ba.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, fim sau ɗaya a ke wanke shi. Riga in ba ta fita ba sai a mayar wa mai wanki. Fim kuwa in ya ɓaci ya ɓaci ke nan, hoton hawan salla, ko na dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, ba ya sākuwa. Wanda ya bi araha ya yi hasarar hotuna 36 bai ci riba ba, gama Hausawa sun ce araha ba ta ado.

To, mene ne wankin? Fim dai leda ce wadda aka shafa wa gishirin azurfa. In haske ya taɓa gishirin nan sai hoto ya kwanta a ɓoye, ido ba ya ganinsa. Magani na farko shi ne ya ke tashe shi, ya mai da inda haske ya taɓa baƙi. Sa'an nan a ɗauraye. Magani na biyu, wanda a ke ce wa haifo, shi ya ke narkar da sauran gishirin, don kada haske ya sake taɓa shi. Wani Bature mutumin Ingila, John Herschel, shi ya gano wannan hali na haifo a shekarar 1819. Abin da ya fito shi ne dodon hoto, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga jikin dodon a ke buga hoto a takarda, ko a shigar da shi kwamfuta.

Aikawa da fim nesa ba yau aka fara ba. A 1888 George Eastman na Amurka ya fitar da kyamarar Kodak mai ɗaukar hoto 100. In fim ya ƙare sai a aika da kyamarar ɗungum zuwa garin Rochester, a wanke, a sa sabon fim, a komo da ita. Daga baya gidajen wankin hoto suka yawaita har a biranenmu. Da kyamarar da ba ta bukatar fim ta zo, wayar hannu kuma ta biyo baya, sai kasuwar ta faɗi. Fim mai launi da a ke kira Kodachrome, wanda ya fito a 1935, aka daina yinsa a 2009, kamfanin Kodak kansa ya karye a 2012, ko da ya ke ya farfaɗo. Galibin masu hoto na garuruwanmu sun koma buga abin da aka ɗauka da waya. Amma fim bai mutu ba, Kodak na yi, Ilford na Ingila kuma na yin baƙi da fari.

Hanya biyu ce ta rage mana: ko a aika, ko mutum ya wanke da kansa.

Fim mai launi ya fi kyau a aika da shi. Wankinsa, wanda a ke kira C-41, yana son zafin magani ya tsaya daidai kan digiri 37.8, minti 3 da daƙiƙa 15, maganin kuma ba ya daɗewa in an haɗa. Tambuwal tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, mota ba ta yankewa. Kebbe kuwa ta fi shiga ciki, wajen iyakar jihohin Kebbi da Zamfara, sabo da haka na can ya fi bukatar haɗa kai da na Tambuwal. A tara fim na mutum huɗu ko biyar, a aika gaba ɗaya, a raba kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a aika, sai a tambayi mai wanki abu uku. Shin har yanzu fim ya ke wankewa, ko kuwa bugawa kaɗai ya ke yi? Yaushe ya sāke magani? Zai komo da dodon? Sa'an nan a gwada shi da fim ɗaya wanda ba a damu da shi ba. In ya komo da ƙarce, ko tabon ruwa, ko launi ya rinjayi kore, a nemi wani. A rubuta irin fim ɗin a jikin ƙunshin, gama in an zuba baƙi da fari na ainihi cikin maganin mai launi, sai ya fito fes, ba ko hoto ɗaya. A kuma roƙi direba kada ya ajiye saƙon a gaban gilashi, inda rana ta ke dafa kaya.

Baƙi da fari kuwa, mu a ganinmu, ba abin da ya fi mutum ya koyi wankewa da hannunsa. Kayan aikin kaɗan ne: ɗan tanki mai murfi wanda haske ba ya shiga, da ma'aunin zafi, da mudun auna ruwa, da agogo, da magani biyun nan. Ku duba lissafi. Akwai magani mai suna Rodinal, wanda aka ƙago a Jamus a 1891. Kashi 1 a ke zubawa cikin ruwa kashi 50. Fim ɗaya yana cin ruwa kimanin mililita 300, watau magani mililita 6. Ashe kwalba mai rabin lita ta ishi fim wajen 80, tana kuma shekaru ba ta lalace ba. Duhu ana bukatarsa ne sa'ad da a ke sa fim cikin tanki kaɗai. Ɗakin soro da dare ya isa, in an toshe ƙofa da bargo, an kashe waya.

Abokan gābar wannan aiki a ƙasarmu uku ne. Na farko zafi. An tsara wankin a kan digiri 20, ga shi kuwa da bazara zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce 40. Ruwa in ya yi ɗumi magani ya kan yi gaggawa, sai a rage lokaci kimanin kashi 10 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Amma kada lokacin ya gaza minti 5, don wankin ba zai yi daidai ba. Dabara ita ce a ɗebi ruwan randa da asuba, ko a sanyaya shi da ƙanƙara, ko kuwa a dakata sai hunturu. Na biyu ƙura. Fim ɗanye yana kama ta kamar danƙo. A yayyafa ruwa a ɗaki, a rataye shi, a rufe ƙofa, kada a shiga sai ya bushe. Na uku ruwa mai yashi. Ruwan rijiya a bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle. Ɗauraya ba ta cin ruwa da yawa: a cika tanki a juya sau 5 a zubar, a sake sau 10, a sake sau 20. Haifon da ya gama aiki akwai azurfa a cikinsa, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, a adana dodon. Seydou Keïta na Bamako ya sami kyamarar Kodak Brownie a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, ya ajiye dodannin hotunansa dubbai. Daga jikinsu aka buga waɗanda aka nuna a Faris a 1994, duniya ta san shi. Takarda ta kan koɗe, waya ta kan ɓace, amma dodon da aka wanke sosai, aka sa a ambulan, aka rubuta wuri da shekara, aka ɓoye daga damshi da gara, zai nuna wa jikokinmu kasuwar Tambuwal da gonakin Kebbe yadda muka same su. Allah ya ba mu sa'a, amin.