Muryoyi a waƙar Daren Kunama: wa ke magana, wa ke shan azaba?

Nissim Ezekiel (1924-2004), marubucin Indiya haifaffen Bombay, ya fitar da waƙarsa Night of the Scorpion, wato Daren Kunama, cikin kundin The Exact Name a 1965. Da Ingilishi ya rubuta ta, ba tare da amsa-amo ba. Labarinta gajere ne: an yi awa 10 ana ruwan sama, kunama ta fake ƙarƙashin buhun shinkafa, ta harbi mahaifiyar mai ba da labari, zafin bai sauka ba sai bayan awa 20.

Sau da yawa akan taƙaita nazarin waƙar da cewa suka ce ga camfin ƙauye. Mai nazarin harshe kuwa, idan ya duba yadda aka raba magana tsakanin mutanen cikinta, zai ga wannan fahimta ta gaza.

Murya ta farko ta ƙauyawa ce. Sun zo da kyandirori da fitilu, babu wanda aka ambaci sunansa, lamirin jam'i kawai ke wakiltarsu. Ana ta maimaita aikatau na rahoton zance bayan furucinsu, mafi yawan jimlolinsu kuma na fata ne, irin waɗanda Hausa ke ginawa da "Allah ya sa". A nan dole a bambance abu biyu. Cewar da suka yi duk motsin kunama yana motsa dafi cikin jinin matar, camfi ne. Fatansu kuwa na cewa azabar ta ƙone zunuban rayuwar da ta gabata, ya fito ne daga aƙidar karma ta addinin Hindu. Mai fassarar da ya kira duka biyun camfi ya haɗa abin da waƙar ta raba.

Na biyu shi ne uba, wanda aka siffanta da mai shakka, mai bin hankali. Ba a kawo kalmominsa ba, ayyukansa aka jera: garin magani, haɗe-haɗe, saiwoyi, har ya zuba kananzir a yatsan da aka harba ya ƙyasta ashana. Tsoro ya kai shi inda ya kai ƙauyawan. Malamin addininsu ma ya yi nasa tofi. Waƙar ba ta ce ɗayansu ya warkar da ita ba. Dafin ne ya huce da kansa. Ke nan ba a bai wa kowane ɓangare nasara ba.

Uwar kuwa, wadda a kanta ake duk wannan hidima, murƙususu da nishi kawai take yi a kan tabarma. Kowa na fassara ciwonta, ita ba ta da jimla ko ɗaya. Sai a layuka uku na ƙarshe, waɗanda aka ware daga dogon baitin farko, ta buɗe baki ta gode wa Allah da kunamar ta zaɓe ta, ta bar ƴaƴanta.

Nan ne nauyin waƙar yake. Jimlolin ƙauyawa suna neman abin da azabar za ta amfana wa matar, tata jimlar kuwa ba ta nemi komai don kanta ba. Ɗalibin da ya ƙirga layukan kowace murya, ya lura da sigar aikatau da lamiran da aka ba ta, zai iske soyayyar uwa tun a tsarin zancen, kafin ya je ga jigo.