Kayan Gyaran Babur Ga Mai Tafiya Ƙasar Waje

Mu da muke zaune a Babban Giji mun saba da sauƙi. In babur ya mutu mana, ba ma tura shi da nisa kafin mu iske bakanike ko mai faci a Gyadi-Gyadi ko Tarauni. Wannan sabo shi ke yaudarar mutum ranar da ya ɗaura kaya zai tsallaka iyaka.

Mu ɗauki hanyar Nijar. Daga Kano a bi Dambatta, Kazaure da Daura, a tsallaka ta Kongolam, a wuce Matameye zuwa Damagaram. Har nan garuruwa suna kusa da juna. Amma daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, kuma in an bar Tanut baya sai a daɗe ana tafiya ba a ga rumfar bakanike ba. Nan ne falogi ɗaya, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba, yake sa babban mutum kwana a daji.

To, me za a ɗauka? Ba za a iya goya babur na biyu ba, nauyi kuma shi kansa yana karya gargare. Abin da ya cancanci wuri a jaka shi ne wanda yake ƙarami, wanda in ya lalace babur ba zai motsa ba, kuma mai babur ya iya sa shi da hannunsa. Falogi biyu, fiyus, ƙwan fitila, wayar kuloci da ta totur, da mahaɗin sarƙa duk sun shiga aljihu guda. Tiyub kuwa a ɗauki na gaba da na baya, domin sau da yawa girmansu ba ɗaya ba ne, a haɗa da kayan faci, ƙarfen cire taya da famfon hannu. Ƙayar aduwa ba ta san baƙo ba. Wasu matafiya sukan ɗaura sabuwar wayar kuloci a jikin tsohuwar tun daga gida, in ta tsinke sai a sauya baki kawai. Dabara ce mai kyau.

Abin da aka san zai cinye a hanya, kamar taya, sarƙa da haƙoranta, da takalmin birki, a sake shi a Kano kafin tashi, a yi kwana biyu ana gwada shi a gari. A lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iska, babur ya riƙa shan mai yana kasala, don haka sai an riƙa wanke ta. Baƙin mai kuma a tafi da wanda injin ya saba.

Irin babur ɗin ma abin dubawa ne. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan Honda babba, ya yi kwana 41 a hanya, don yaƙi da cutar shan inna. Mai irin wannan babur dole ya yi tanadi tun daga gida, domin bakaniken ƙauye ba ya ajiye kayansa. Mai Boxer ko Jincheng ya fi shi sauƙi, tun da irinsu sun cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Mun sha ganin wanda ya cika jaka da kaya amma bai taɓa kwance tayar baya ba. Kafin ranar tafiya, a zauna gaban bakanike a cire ta, a mayar, da sifanun da za a tafi da su, domin a nan ake gane wanda bai dace da noti ba. A kuma tanadi kuɗin sefa a hannu, a tambayi halin da iyaka take ciki: an rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.