Yadda Ake Kallon Zanen Tsohuwar Gada

Sau da yawa idan aka nuna mana zane, abin da muke fara tambaya shi ne, "Ya yi kama da abin da aka zana ko bai yi ba?" A ganina wannan tambaya ba ta wadatar ba. Bari in kawo misali da tsohuwar gadar Waterloo ta birnin Landan.

An buɗe wannan gada a shekarar 1817 a kan kogin Thames. Da dutse aka gina ta, ruwa yana bi ta ƙofofi tara masu lanƙwasa irin ta bakan gizon soro. Daga 1899 zuwa 1901 wani mai zane Bafaranshe, Claude Monet, ya yi ta zuwa Landan yana zana ta daga masaukinsa. Ya zana ta fiye da sau 40. To, me ya sa haka, alhali gadar ita ce dai? Dalili shi ne, haske yake bi, haske kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

A wancan zamani hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu yakan gauraya da hazo ya lulluɓe birnin, kamar yadda ƙurar hunturu take rufe garuruwanmu. A wani zanen komai ya yi shuɗi-shuɗi da toka-toka, gadar ta dushe kamar inuwa, sai mai kallo ya ji kewa ta kama shi. A wani kuma rana ta keto hazo, ruwa ya yi ja-ja yana ƙyalli, sai zuciya ta yi sanyi. Mutane da kekunan doki da ke bisa gadar kuwa ɗigo-ɗigon fenti ne kawai, ba a gane fuskar kowa.

Ma'anar da na ɗauka ita ce, mutane wucewa suke yi, yini ma haka. Kai, har dutsen bai dawwama ba, domin a 1934 aka fara rushe gadar, aka gina sabuwa a gurbinta.

Saboda haka idan ka tsaya gaban zane, kada ka yi garaje. Ja da baya kaɗan, ka dubi inda haske ya fito, da launin da ya rinjaya, sa'an nan ka saurari abin da zuciyarka ta ce.