Karaya Tana Jira, Huhu Ba Ya Jira: Haɗarin Tiyatar Karen da Ya Ji Rauni

Idan mota ta buge kare, hankalin mai shi kan tafi ga ƙafar da ta karye. Likitan dabbobi kuwa ƙirji yake fara dubawa, domin abin da ke kashe kare a teburin tiyata sau da yawa yana ɓoye ne bayan haƙarƙari.

Na farko shi ne kurmewar huhu. Bugun yakan farfasa ƙananan jijiyoyin jini, ruwa da jini su cika gurbin iska. Ciwon kan ƙara tsananta cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa karen da ya iso asibiti yana kaɗa wutsiya zai iya wayar gari yana haki. Maganin sa barci kuma yana rage ƙarfin numfashi, sai nauyi ya haɗu wa huhun da dama ya jigata.

Na biyu, iska ce da ke tserewa daga huhun da ya huje ta taru a kogon ƙirji. Da zarar an fara hura wa kare numfashi ta bututun maƙogwaro, iskar sai ta yi ta ƙaruwa har ta danne huhu, ta hana jini komawa zuciya. Mafita ita ce a zuƙe ta da allura nan take.

Na uku, yagewar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, inda hanta ko hanji ke kutsawa mazaunin huhu. Ana buɗe cikin irin wannan kare, numfashi ya gagare shi, dole wani ya yi ta hura masa har a gama ɗinki. Gaggawar kumbura huhun da ya daɗe a matse kuma tana iya tara masa ruwa.

Babban binciken da David Brodbelt ya jagoranta a Birtaniya, wanda aka buga a 2008, ya gano cewa kare 1 cikin 1,849 masu lafiya ke mutuwa sanadin maganin barci, amma a cikin marasa lafiya 1 ne cikin 75. Kusan rabin mace-macen sun auku ne bayan tiyata, akasari a awa 3 na farko.

Saboda haka ƙwararru kan ɗauki hoton ƙirji, su ba da oksijin da maganin raɗaɗi, su ɗage ɗori har numfashi ya daidaita. Mafarauci ko mai karen gadi da aka ce ya dakata kwana biyu, kada ya zargi likita da jan ƙafa.