Riƙon Yaran Kasuwa: Kowa Da Irin Linzaminsa

Rijiyar Zaki, wadda ke kan hanyar Gwarzo cikin ƙasar Ungogo, a da gonakin gero da dawa ce. Yau kuwa kantuna da rumfuna sun ci yawancin gonakin, manomin jiya ya zama maigidan kanti mai yara a ƙarƙashinsa. To, abin da muke ganin yana karya da yawa daga cikinsu shi ne riƙon yaran nan da linzami iri ɗaya: wanda ya zo jiya a sakar masa aljihun kuɗi, wanda ya shekara goma kuwa a hana shi rage ko sisi sai an tambayi maigida. Na fari ya lalatar da jari, na biyu ya yi fushi ya tafi da masu ciniki.

Malamanmu na Malikiyya sun bambanta ijara da ƙiradi. Ɗan ijara ana yanka masa lada sananne, a faɗa masa aikinsa, a bi sawunsa. Ƙiradi kuwa shi ne a ba mutum jari ya juya, a raba riba bisa kason da aka amince, rabi ko sulusi. A nan mai dukiya ba shi da ikon sharɗanta cewa sai an shawarce shi kafin kowane ciniki. In ya yi haka ƙiradin ya ɓaci. Hasarar da ta auku ba da sakaci ba kuwa, a kan mai dukiya take. Ashe shari'a ta san akwai wanda ake tsarewa, akwai wanda ake sakar wa mara.

Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya fara jigila a Kano a 1912, sai ya juya ga gyaɗa, yana ba amintattun wakilai kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo masa. Da ya ce sai idonsa ya ga kowane buhu, da dalar gyaɗa ba ta tashi ba.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, da kai ma'aikaci mai mutane a ƙarƙashinka, auna kowa kafin ka ɗora masa kaya. Sabo a koya masa, a duba lissafinsa kullum maraice, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gogagge a ba shi kaso, a saurari shawararsa. Ranar gobara ko faɗuwar farashi kuwa, maigida ya yanke magana nan take, ya ɗauki nauyinta. Allah Ya sa mu dace, amin.